An saka ni cikin alƙalan lambar yabo ta masu tara kuɗin taimako, da wane ma'auni za mu zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Gusau. An saka ni cikin kwamitin mutum biyar da za su zaɓi ƙungiyoyin da za a ba lambar yabo kan tara kuɗin taimakon marayu, marasa lafiya da 'yan gudun hijira. Wasu 'yan kwamitin sun ce kawai a duba wadda ta fi kowa tara kuɗi a ba ta. Ni dai raina bai kwanta ba, amma ban san mi zan kawo a maimako ba. Yaya ake wanga alƙalanci?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah shi taya ku riƙo. Rashin kwanciyar ranki yana kan hanya, kuma don Allah ki tsaya a kai ko da ke kaɗai ce. Aikina binciken asusun ƙungiyoyi ne, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne jimillar kuɗi ita ce ta fi komai sauƙin gani kuma ita ta fi komai ruɗi. Jimilla tana gaya miki wa ke da abokai masu hannu da shuni, wa ke da lambar wayar ɗan majalisa, wa ke da mabiya da yawa a Facebook. Ba ta gaya miki wa ya iya aikin, balle wa ya riƙe amana. In kuka bi ta ita kaɗai kamar kun auna manomi ne da faɗin gonarsa ba ku leƙa rumbu ba. Ai ko a hadisin da Nasa'i ya ruwaito an ce dirhami ɗaya ya tsere wa dirhami dubu ɗari, saboda mai ɗayan guda biyu gare shi ya ba da rabi, mai dubu ɗarin kuwa daga gefen dukiyarsa ya yago. Toh in haka ma'aunin mai bayarwa yake, ban ga dalilin da zai sa na mai tarawa ya zama yawan sifili kawai ba.

Tambayar da nake so ku riƙe ita ce: za mu iya bin sawun naira ɗaya tun daga hannun wanda ya ba da ita har hannun wanda aka roƙa dominsa? Duk sauran abin da zan faɗa rassan wagga tambaya ne.

Ku fara da raba alkawari da abin da ya shigo. Kin dai san yadda lancin ɗinmu yake, an kafa rumfa an jera kujeru, babban mai ƙaddamarwa bai zo ba ya turo wakili, wakilin ya karɓi lasifika ya ce mai gida ya ba da miliyan biyar, sanƙira ya maimaita sau uku ana tafi, sakatare na gefe yana rubutawa, da yamma a sanar an tara miliyan ashirin. Bayan wata uku in kika zauna da ma'aji sai ya buɗe jaka ya nuna miki ambulan ɗin da wakilin ya bari, abin da ke ciki bai kai kuɗin hayar rumfa da abincin baƙi ba, sauran kuma an yi ta sintiri gidan mai gida har an gaji. Irin wannan ƙungiya za ta rubuto muku miliyan ashirin a fom ɗinta kuma a ganinta ba ta yi ƙarya ba. Don haka a fom ɗin ku yi gurbi biyu, abin da aka alkawarta da abin da ya shigo hannu, kuma maki kan na biyun ne kawai. Hujja kuwa sitatimen na banki mai hatimi na tsawon lokacin da aka yi neman. Kada ku karɓi hoton alat na waya, yaro ɗan sakandare ma zai iya haɗa shi.

Sai nawa aka kashe kafin a samu abin da aka samu. A ce ƙungiya ta tara miliyan goma amma ta kashe huɗu wajen dina da talla da rigunan anko, wata ta tara miliyan uku da kashe dubu ɗari biyu, kin ga ai ba sai an gaya miki wadda ta fi gwaninta ba. A Amurka akwai wata cibiya mai tantance ƙungiyoyin agaji, BBB Wise Giving Alliance, ƙa'idarta ita ce kada kuɗin da aka kashe wajen nema ya wuce kashi 35 cikin 100 na abin da neman ya kawo, kuma aƙalla kashi 65 na duk abin da ƙungiya ke kashewa ya tafi kan ainihin aikin. Ba na cewa ku kwafo shi sak, a wurinmu kashi 35 ma mutane za su ga ya yi yawa, amma ya ba ku abin kamawa.

Sai dai a nan akwai rami, kuma alƙalai masu kyakkyawar niyya su suka fi faɗawa cikinsa. Za ku ga wanda ya rubuto cewa ko kwabo ba mu taɓa ba, kashi ɗari bisa ɗari ya je ga mabuƙata. Ni wannan magana tsoro take ba ni. Wa ya sa wa motar da ta kai hatsi Shinkafi mai? Wa ya biya 'yan dako, wa ya sayi data, wa ya biya cajin banki da na mai POS? Ko dai wani ya biya daga aljihunsa, to a rubuta shi a matsayin gudummawa, ko kuma an cira ba a faɗa ba. Cibiyoyin Amurkan ma da suka yi shekaru suna auna ƙungiyoyi da ƙarancin kuɗin gudanarwa, a 2013 uku daga cikin manyansu suka fitar da wasiƙa tare suna cewa jama'a su daina dogara da wannan ma'auni shi kaɗai, don yana sa ƙungiyoyi ɓoye gaskiya ko ƙin ɗaukar akawu. Mu kuma tun a Suratut Tauba aya ta 60 an lissafa masu aikin tara zakka cikin kashi takwas da ake ba. Ke nan cin halak ɗin aikin ba aibi ba ne. Aibin shi ne a ɗauka a ɓoye. Hadisin Ibnul Lutbiyya da ke Bukhari da Muslim shi ne iyakar: an aike shi karɓo zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce mi ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Saboda haka maki mai yawa ya tafi ga wanda ya gaya wa masu bayarwa tun farko cewa za mu cire kaza don sufuri da aiki, ya cire daidai hakan, ya nuna rasit.

Yanzu bin sawun. Ba za ku iya bincika komai ba, ku biyar ne kuma kowa da aikinsa, abin da muke yi shi ne ɗaukar samfur. Ku karɓi jerin waɗanda aka ce sun amfana, ku da kanku ku tsamo sunaye goma ba ƙungiyar ta zaɓar muku ba, ku kira ko ku je, ku tambayi abu mai sauƙi: mi aka ba ki, yaushe, wa ya kawo, an ce ki mayar da wani abu? Wannan ta ƙarshen ki kula da ita, don akwai inda ake miƙa wa bazawara dubu hamsin a gaban kyamara a karɓe talatin a bayan katanga. Haka nan ku tsamo masu bayarwa goma ku tambaye su ko an taɓa dawo musu da bayanin inda kuɗinsu ya je. Ziyarar kuwa kada a sanar da rana. Gani ya kori ji, amma ganin da aka shirya miki da tabarmi da lemo bai kori komai ba. Inda hanya ba ta da kyau ta fuskar tsaro kada kowa ya sai da ransa don lambar yabo, ku nemi limami ko shugaban makaranta ko ma'aikacin asibitin garin wanda ba ɗan ƙungiyar ba ne ya duba muku.

Akwai tambayoyi biyu da nake yi wa kowane ma'aji kuma su ke raba aya da tsakuwa. Ta ɗaya, kuɗin da kuka roƙa don wani abu takamaimai, kun taɓa karkatar da shi zuwa wani abu? An roƙa wa mara lafiya kuɗin tiyata, Allah ya yi masa rasuwa kafin a yi, ko an nemi miliyan biyu aka samu uku, ina ragowar? Amsa mai kyau ita ce mun sanar da masu bayarwa, mun tambaye su, wanda ya ce a mayar masa mun mayar, sauran sun yarda a ba wani mara lafiyar ga sunansa ga takardar asibiti. Amsar banza ita ce ai duk aikin Allah ne. Ta biyu, kuna raba zakka da sadaka? Zakka tana da mutanenta da aka ƙayyade, ba a zuba ta tukunya ɗaya da kuɗin fentin ofis. A jihar da ke da Hukumar Zakka da Wakafi babu uzurin rashin sanin wannan, ƙungiyar da ke karɓar zakka ba ta da shafi daban dominta ni kam ba zan ba ta na ɗaya ba komai yawan abin da ta tara.

Batun takardu ba zan ja shi ba. Babbar ƙungiya ta kawo rajistar amintattu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Wadda ke juya miliyoyi amma har yau akawun ɗin shugaba ake turawa, wanda da shi yake cefanen gidansa, ta faɗi tun a nan, ko da shugaban waliyyi ne, don ran da ya mutu kuɗin marayu ya shiga rabon gado.

Misali daga waje don 'yan kwamitinku masu son jimilla. A 2020 lokacin korona wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, yana dab da cika shekara 100, ya yi ta zagaye a lambun gidansa ya tara kusan fam miliyan 33 don ƙungiyoyin taimakon asibitocin ƙasar, har aka ba shi sarautar Sir. Wannan kuɗi ya je inda aka ce. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, a Nuwamba 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa 'yarsa da mijinta sun yi amfani da ita sun amfanar da kansu. Suna iri ɗaya, farin jini iri ɗaya, abin da ya bambanta shi ne wa ke riƙe da asusu kuma wa ke duba shi.

Abin da ya fi ci mini rai kuma na fi so ku ba nauyi shi ne yadda aka roƙi kuɗin. Na taɓa tsayawa a wani sansani inda wasu matasa suka zo ɗaukar bidiyo, yarinya ce ba ta wuce shekara tara ba, an kashe mahaifinta, ta ba da labarin da ƙyar tana kallon ƙasa tana murza bakin hijabinta, sai mai wayar ya ce bai fito da kyau ba ta sake, kuma wannan karon ta ɗago kai a ga hawayen. Kakarta na zaune gefe ba ta ce uffan ba saboda tana ganin buhun shinkafa a bayan mota. Irin wannan bidiyo yana kawo kuɗi sosai, shi ya sa ake yi, kuma in kuka ba shi lambar yabo kun gaya wa duk matasan Zamfara cewa haka ake yi. Ku duba kowane hoto da bidiyo da ƙungiya ta yi amfani da shi. An nemi izinin mutumin ko waliyyinsa, kuma ya san Facebook da TikTok za a saka? An nuna tsiraicin mara lafiya ko fuskar yarinyar da aka ci wa zarafi? An ƙara gishiri, an ce saura kwana biyu ya mutu alhali likita bai faɗa ba? An ɗauko hoton wata ƙasa an ce Maradun ce? Allah ya ce kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, Baƙara aya ta 264, kuma tozarta mutum a gaban duniya don kwanon gero cutarwa ce.

Mai bayarwa ma yana da haƙƙi. A Ingila a 2015 bayan rasuwar wata tsohuwa mai shekara 92, Olive Cooke, aka gano ƙungiyoyi sun yi ta musayar adireshinta a tsakaninsu suna yi mata ruwan wasiƙun roƙo, abin ya tayar da ƙura har aka kafa sabuwar hukumar sa ido kan neman taimako a 2016. Mu namu salon shi ne a jefa mutum cikin guruf na WhatsApp ba a tambaye shi ba, a kira sunansa a taro don kunya ta sa ya bayar. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma a Zamfara abin ya wuce doka, maganar rai ce. Ki wallafa cewa Alhaji wane na gari kaza ya ba da miliyan biyu, kin san infoman 'yan bindiga ma yana karanta Facebook. Ƙungiyar da ke tambayar mai bayarwa ko yana so a ambace shi kafin ta ambata, ku ƙara mata maki. Ku ma a ranar bikin kada ku karanto sunayen masu bayarwa da adadi.

Sai ma'aunin da ƙwararru suka fi yarda da shi: waɗanda suka bayar bara, nawa suka dawo bana? Ko a Amurka inda ake bin wannan lissafi duk shekara, waɗanda ke dawowa ba su kai rabi ba. Mutum na iya bayarwa sau ɗaya don tausayi ko kunya, amma ba ya dawowa sai ya yarda da ƙungiyar. Kuma ku duba faɗin tushen. Ƙungiyar da mutum ɗari uku ke ba dubu ɗai-ɗai duk wata ta fi wadda attajiri ɗaya ke ɗauke da ita ƙarfi, don ran da ya yi fushi ko ya faɗi zaɓe shi ke nan an rufe. Kin tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, masu dogaro da taransifa daga mabiyan intanet tsayawa suka yi cak, masu bi gida-gida da kwano kuwa ba su fasa ba.

Wanda ya kawo ni ga ƙananan ƙungiyoyi. Akwai wata ƙungiyar matan islamiyya a wani ƙauye da na duba, ba su da banki ba su da rajista, littafin makaranta ne mai shafi sittin an naɗe shi cikin leda. Kowane shafi an ja layi uku da biro, suna, tiya nawa na gero ko dawa, sai dangwalen yatsa, wani wurin da boko wani da ajami. A bayan littafin jerin gidajen marayun da aka kai wa, da sunan matar da ta raka aka kai. Na ƙirga abin da ya shigo na ƙirga abin da ya fita, bambancin tiya biyu ne, kuma a gefe an rubuta ɓera. Irin waɗannan in kuka haɗa su tsere ɗaya da gidauniyar da ke da ofis da janareta kun zalunce su. Ku raba rukuni, manya masu rajista daban, na unguwa da ƙauye daban, in da hali ɗaiɗaikun mutane daban. Ku karɓi littafi a matsayin hujja a rukunin ƙanana. Hatsi da sutura da aikin sa kai a ƙiyasta su da farashin kasuwar ranar da aka tara. Kuma wajen auna ci gaban ƙungiya daga bara zuwa bana kada naira ta ruɗe ku, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 a 2024, wanda ya tara kuɗi iri ɗaya shekara biyu a jere baya ya ci. Ku tambaya buhu nawa kuɗin ya saya, yara nawa ya biya wa makaranta. Ƙungiyoyin coci da ke Gusau su ma a aika musu fom, ma'aunin ɗaya ne.

In kuna son rabon maki, ga yadda ni zan yi cikin 100, ku gyara yadda ya dace da ku: 30 ga amana da iya bin sawun kuɗi, 25 ga abin da kuɗin ya yi a ƙasa, 20 ga mutunta wanda aka roƙa dominsa da wanda aka roƙa, 15 ga dawowar masu bayarwa da dabarar da wasu za su iya koyi da ita, sai 10 ga yawan kuɗin, shi ma gwargwadon ƙarfin ƙungiyar da abin da ta kashe. Amma ƙarya a takarda ba rage maki ake yi ba, fita ake daga gasar.

Ku kanku alƙalai akwai abin da ya hau kanku. Gusau ƙaramin gari ne, da wuya a rasa ƙanen miji ko tsohon ɗalibi cikin masu nema. Tun zaman farko kowa ya rubuta ƙungiyoyin da yake da alaƙa da su, in an zo kansu ya tashi ya fita. Ku amince da ma'aunin ku sa hannu kafin ku buɗe fom ko ɗaya, in ba haka ba kowa zai ja ma'aunin wajen gwaninsa. Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai a gida ya miƙa a rufe sannan a zauna, don in aka fara da muhawara bakin babba ake bi, ke kuma a matsayinki na mace cikin maza kin san yadda hakan ke ƙarewa. Kada a sayar da fom da tsada, kada a ce wanda zai karɓi lamba sai ya sayi tebur, wannan awad ɗin kasuwa ne kuma jama'a sun gane shi. Wanda ya ɗauki nauyin bikin ba shi da ƙuri'a, gidauniyarsa kuma ba ta shiga. Gidauniyar ɗan siyasa da daga aljihunsa yake rabawa ma ba tara kuɗi ta yi ba, kyauta ce, ba wannan gasar ba ce tata.

Za a samu wanda zai ce miki duk abin riya ne. Ki ce masa Baƙara 271 ta yaba bayyana sadaka ta kuma ce ɓoyewa ta fi, sannan a Muslim an tambayi Annabi (SAW) kan mutumin da ya yi alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Niyya tsakanin mutum da Ubangijinsa take, ku aikin da ke bayyane kuke aunawa. Abu guda da zan ce ku cire gaba ɗaya shi ne karo-karon kuɗin fansa. Na san mutane na yi cikin kuka da tilas kuma ba na zargin kowa, amma ba shi da rasit, ba ya bincikuwa, kuma kiran sunan wanda ya tara a bainar jama'a jefa shi cikin haɗari ne.

Kyautar kanta kada ta tsaya a allon gilashi da hoto. Ƙaramar ƙungiyar da ta ci a biya mata rajista da buɗe asusu, ko a haɗa ta da akawu ya koya wa ma'ajinta aiki na wata shida. Waɗanda ba su ci ba kowace a ba ta rabin shafi a asirce, ga inda kuka yi kyau ga abin da ya rage muku maki. In kwamitin ya yarda, ki turo mini fom ɗin da kuka tsara kafin ku raba shi in duba muku gurbin alkawari da na kuɗin gudanarwa, nan ne aka fi barin ƙofa a buɗe.